NEPU: Jam'iyyar teloli da mahauta da ta hana fada barci

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu mutum takwas suka zauna a Sabon Garin Kano suka kafa jam'iyyar siyasa. Akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Dambatta, da Mudi Sipikin, da Maitama Sule, da Baballiya Manaja, da Musa Kaula, da Abdulƙadir Ɗanjaji. Yawancinsu samari ne, ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda in da sun je fada a ranar, ko zauren farko ba za su wuce ba. Ɗaya daga cikinsu ma, Bello Ijumu, Bayarabe ne daga lardin Kabba. Suka sa wa abin da suka kafa suna NEPU, mutanen gari kuma suka riƙa ce mata Jam'iyyar Neman Sawaba. Ita ce ƙungiya ta farko a Arewacin Nijeriya da ta fito fili ta ce siyasa ta zo yi, ba zumunci ba.

A cikin wannan wata ne kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya gabatar da ƙudurin a binciki yadda hukumomin En'e suke mulkin jama'a, a yi musu gyara. Wato har masu sanyin hali sun san akwai ɓaraka. Bambancin shi ne, Ɓalewa gyara yake nema ta hanyar lallashin sarakuna da Turawa. Mutanen Sabon Gari kuwa cewa suke talaka ne zai karɓi haƙƙinsa da hannunsa, ko fada ta so ko ta ƙi.

Wanda bai san En'e ba zai yi wuya ya gane abin da ya sa mutum zai sayar da ransa saboda katin jam'iyya. Turawa sun ci ƙasar nan da yaƙi a 1903, amma ba su rushe sarauta ba, sai suka ƙara mata ƙarfin da ba ta taɓa samu ba. Sarki shi ne hukuma shi kaɗai, muddin Razdan bai ɓata rai ba. Baitulmali nasa ne. 'Yan doka da dogarai nasa ne. Shi yake naɗa alƙali, shi yake tuɓe shi, kuma yana da tasa kotun a fada wadda take iya yanke hukuncin kisa. Gidan yari ma a hannunsa yake. Daga shi sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa, kowa da abin da yake tsammani daga na ƙasa da shi.

A kan talaka duk wannan nauyi yake sauka. Kowane baligi namiji yana biyan haraji, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma rasit ɗin da aka ba shi ba lalle ne ya yi daidai da abin da ya fita daga aljihunsa ba. Bafulatani yana biyan jangali a kan kowace saniya. Ga noman gandun hakimi kyauta, ga yaɓen gidan dagaci, ga ɗaukar kayan Di'o in ya fito rangadi, ga kuɗin gaisuwa da ba a rubuta shi a kowane littafi ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, an kwashi dubun dubatar manoma da ƙarfi aka kai su haƙar kuza a Jos, abin da mutane suka riƙa kira ɗiban gwamna, kuma da yawa ba su dawo ba. Wanda ya kasa biyan haraji sai a shanya shi a rana, ko ya gudu ya bar iyali ya tafi ci-rani. In kuwa ya ce zai kai ƙara, to alƙalin da zai je gabansa ma'aikacin wanda yake ƙara ne.

Tunanin ja da wannan tsari bai faro daga Kano ba. A Bauchi ya fara tsiro, a farkon shekarun 1940, inda Allah ya haɗa malamai uku a gari guda: Tafawa Ɓalewa, da Malam Sa'adu Zungur, da wani saurayin malamin Midil mai suna Aminu, ɗan Malam Yusufu na unguwar Sudawa a Kano. Sa'adu ne jagoran tunanin. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar kwalejin Yaba a Legas, ga shi kuma mahaddacin Alƙur'ani, masanin fiƙihu, mawaƙi mai kaifin harshe. Suka riƙa shirya taron muhawara, inda ake gayyato ma'aikatan En'e da Turawan mulki a yi musu tambayoyin da ba su saba ji ba. Ba a daɗe ba hukuma ta gane inda aka dosa, ta rufe dandalin. Sa'adu ya yi sakataren jam'iyyar NCNC a Legas, ciwo ya dawo da shi gida, ya rasu a 1958 yana da shekara arba'in da 'yan kai. Waƙarsa ta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" har yau ana karanta ta a makarantu, duk da cewa galibi ana koyar da ƙafiyarta ne a tsallake gargaɗin da ke ciki.

Shi kuwa Aminu, wanda aka haifa a 1920, ya tafi Landan karatun koyarwa a 1946, ya zauna da 'yan gurguzun Ingila a lokacin da jam'iyyar Leba take mulki, ya karanta yadda Gandhi ya yi da Turawa a Indiya. Da ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Hukuma ta tura shi Maru, can lardin Sakkwato, ya shugabanci makarantar horon malamai, da fatan nisa zai sanyaya shi. Shi ya sa babu sunansa a cikin mutum takwas ɗin nan: yana Maru a lokacin, kuma ma'aikacin gwamnati ne. Kafin 1950 ta ƙare ya ajiye aiki ya dawo Kano. A 1953 aka zaɓe shi shugaban NEPU, bayan Abba Maikwaru, ya kuma riƙe ta har ƙarshenta.

Abokan hamayya sun sha cewa NEPU kwaminisanci ce aka shigo da shi daga waje. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don takardar manufofin jam'iyyar ta yi magana ƙarara a kan gwagwarmayar aji tsakanin masu sarauta da talakawa, ta kuma ce talakawa ne kaɗai za su 'yantar da kansu. Amma wanda ya saurari laccar Malam Aminu a Fagge ko a bakin kasuwa ba sunan Karl Marx zai ji ba. Ayoyi zai ji, da hadisai, da littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahin Gwandu. Malam ɗan gidan alƙalai ne, ya san cewa littafin Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da gaisuwa da kuɗin gari a cikin zaluncin sarakunan Haɓe da jihadi ya zo ya kawar. Sai ya tambayi jama'a: to yaya aka yi jikokin masu jihadi suke karɓar abin da kakanninsu suka yi yaƙi a kansa? Wannan tambaya ta fi duk wata aƙidar waje cizo, domin ba a iya korar ta da cewa baƙuwa ce. Kuma ita ce ta jawo malaman zaure da gardawa da yawa cikin jam'iyyar, mutanen da ba su taɓa taka ajin boko ba.

Su waye 'yan NEPU? Teloli ne, da mahauta, da wanzamai, da 'yan koli, da masu facin keke, da direbobi da 'yan kamasho, da marina, da ƙananan 'yan kasuwa masu yawo tsakanin garuruwa. Ba haɗari ba ne aka samu irin waɗannan. Mai sana'ar hannu ba ya cin albashin En'e, saboda haka ba a iya korar sa daga aiki. Shagon tela kuma majalisa ce da ba ta tashi, ɗan koli ko yau yana wannan kasuwa gobe yana waccan, labari na tafe tare da kayansa. Kano da Zariya da Jos da Kaduna da Gusau da Funtuwa da Nguru, duk inda jirgin ƙasa ko babbar mota take tsayawa, a nan reshe yake fara kafuwa.

Jam'iyyar ba ta da rediyo, ba ta da kuɗi. Abin da take da shi shi ne shafin Hausa na jaridar Comet da ake bugawa a Kano, da kekuna, da mawaƙa. Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu da Gambo Hawaja sun rubuta waƙoƙin da aka riƙa haddacewa ana rerawa a wurin taro, wanda bai iya karatu ba ma ya tafi da su gida a ka. Sai kuma wani makami da ya fi ba fada haushi: ƙin faɗuwa. Ɗan NEPU zai gamu da hakimi a hanya ya yi masa sallama a tsaye, bai tuɓe takalmi ba, bai zube ƙasa ba. Yau wannan ba komai ba ne. A wancan zamani yana iya kai mutum gaban alƙali.

Zaɓen 1951 ne ya nuna wa kowa cewa abin ba wasa ba ne. Ba kai tsaye ake zaɓe ba a lokacin, mataki-mataki ne: unguwa ta zaɓi wakilai, su kuma su zaɓi na gaba, har a kai matakin lardi. A matakan farko NEPU ta ba da mamaki a birnin Kano da wasu garuruwa, 'yan takararta suka kayar da manyan fada. Amma dokar zaɓen ta ba hukumar En'e damar cusa mutanenta, kashi goma cikin ɗari, a matakin ƙarshe, ciki har da waɗanda jama'a suka riga suka kayar. Da aka gama lissafi NEPU ba ta samu kujera ko ɗaya a majalisar Kaduna ba. A tsakiyar wannan zaɓe ne, cikin Oktoba 1951, Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, ta rikiɗe daga ƙungiyar al'adu ta zama jam'iyyar siyasa, masu sarauta suka rungume ta. Ana iya cewa tsoron NEPU ne ya yi mata ungozoma.

Daga nan aka shiga shekarun wuya. Ba a yin lacca sai da izinin En'e, izinin kuwa ko a hana, ko a bayar da shi a wani fili can bayan gari a lokacin da ba mai zuwa. Wanda ya yi magana a kan hakimi sai a ce ya yi zagi. Wanda ya tara mutane a ƙofar gidansa sai a ce ya ta da hankali. Bulala, tara, wata uku, wata shida, shekara. A ƙauye abin ya fi muni, don a can ana iya ninka wa mutum haraji, a ƙwace gonarsa, a matsa wa surukansa su raba aurensa, ko a kore shi daga garin da aka binne cibiyarsa. An yi wa'azi a kansu cewa sun fita daga ɗa'ar shugabanni. A Kano, wajen 1953, aka samu gungun 'yan daba da ake kira 'Yan Mahaukata, masu farautar 'yan NEPU a titi. Su ma 'yan NEPU ba waliyyai ba ne, sun kafa nasu rundunonin samari, an yi ta fasa kai ta kowane ɓangare. Sai dai ɓangare guda ne yake da alƙali da kurkuku. Mutane irin su Tanko Yakasai da Lawan Dambazau da Abubakar Zukogi sun san cikin gidan yari kamar tafin hannunsu, ga kuma ɗaruruwan da babu wanda ya rubuta sunayensu.

A cikin waɗanda aka rubuta, babu kamar Hajiya Gambo Sawaba. An haife ta a 1933, mahaifinta mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi, mahaifiyarta Banufiya, ta tashi a Sabon Garin Zariya. Karatunta bai wuce firamare ba, an yi mata aure tana yarinya ƙarama. Tana da shekara goma sha bakwai ta shiga NEPU, a lokacin da maza ma suke ɓoye katinsu. Ta hau mumbari ta yi magana a gaban maza, ta zama shugabar matan jam'iyyar, ta yi tattaki har Abekuta don ta ga Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan Egba suka yi wa Alake bore a kan haraji. A Kano ta riƙa shiga gida-gida tana yi wa matan kulle bayani, abin da ya sa aka kama ta, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga garin. Masu tarihinta sun ƙirga ɗauri goma sha shida. An yi mata duka, an aske mata kai a kurkuku. Abin da take nema bai wuce a bar mace ta yi karatu ba, a daina aurar da yara ƙanana, a daina aikin tilas, a kuma ba mace ƙuri'a.

Wannan na ƙarshe shi ne inda NEPU ta tsaya tsayin daka a Arewa. Matan kudancin Nijeriya sun samu ƙuri'a a cikin shekarun 1950. NPC ta ce al'ada da addini ba su yarda ba, aka shiga 'yancin kai a 1960 matan Arewa suna kallo. Abin ban takaici shi ne, a hayin iyaka, a Nijar, dokar Faransa ta 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. Wato Bahaushiyar Maraɗi ta jefa ƙuri'a shekara ashirin kafin 'yar'uwarta ta Katsina, alhali addininsu ɗaya, al'adarsu ɗaya, wataƙila ma kakarsu ɗaya. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar. Ita Gambo, da siyasa ta dawo bayan mulkin soja, ba ta bi Malam Aminu ba, GNPP ta Waziri Ibrahim ta shiga. Ta rasu a 2001, yau akwai babban asibiti da sunanta a Zariya.

Tunda an taɓo Nijar, can ma an yi tata Sawabar, kuma ƙarshenta ya fi na Nijeriya ɗaci. Djibo Bakary, tsohon malamin makaranta kuma ɗan ƙwadago, ya tara irin mutanen da NEPU ta tara: leburori, direbobi, ƙananan 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu, musamman a Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa. Ya zama magajin garin Yamai a 1956, ya shugabanci gwamnatin cikin gida a 1957, ya kuma taɓo sarakunan gargajiya har ya tuɓe wasu. Da Janar de Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Satumba, 1958, Djibo ya ce a jefa "a'a", a karɓi 'yanci nan take kamar yadda Sekou Toure ya nema a Gini. Faransa ba ta yi niyyar sakin ƙasar da take maƙwabtaka da Aljeriya ana tsakiyar yaƙi ba. Ta aiko sabon gwamna, aka haɗa kai da sarakuna, aka sanar cewa "i" ta samu kashi 78 cikin ɗari. Djibo ya sauka, ɗan'uwansa Diori Hamani ya hau, aka haramta Sawaba a 1959.

'Yan jam'iyyar da yawa suka tsallako, Kano ta zama ɗaya daga cikin mafakarsu, 'yan NEPU suka ba su masauki. Amma a nan hanyoyin biyu suka rabu. Malam Aminu bai taɓa yarda da ɗaukar makami ba. Sawaba ta Nijar kuwa ta tura samari horo ƙasashen waje, suka kutso da bindigogi a 1964, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a. A Afrilun 1965 wani ya jefa wa Diori gurneti a filin Idi, bai same shi ba. Abin da ya biyo baya kame ne da azabtarwa, da shiru na shekaru masu yawa.

In da akwatin zaɓe za a auna NEPU, to ba ta yi abin a zo a gani ba. A 1954 Malam Aminu ya sha kaye a Kano a hannun Maitama Sule, wanda da shi aka kafa jam'iyyar kafin ya koma NPC. A 1956 Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. Sai a zaɓen tarayya na 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas, NEPU ta tashi da kujeru takwas, NPC kuma da 134. Nan ma sai siyasa ta yi halinta. NEPU tana ƙawance da NCNC ta Azikiwe, NCNC kuma ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC. Sai ga Malam Aminu ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a Legas, alhali babbar jam'iyyar wannan gwamnati ce take ɗaure mabiyansa a gida. Mabiya da yawa ba su ji daɗin haka ba, kuma suna da hujja. A 1964 kujerar ma ta suɓuce. Soja suka zo a 1966 suka rushe jam'iyyu gaba ɗaya.

Amma a ɗauko jerin buƙatun NEPU a duba abin da ya faru da su. Sarki shi kaɗai a matsayin hukuma: an soke tun farkon shekarun 1950, aka ɗaura masa majalisa. Zaɓe kai tsaye da ƙuri'ar sirri: an kai ga haka kafin 'yancin kai. Dokar laifuka a rubuce, wadda alƙali ba zai lanƙwasa ta yadda ya ga dama ba: gwamnatin NPC ta Sardauna da kanta ta kira kwamitin masana a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, aka fitar da kundin da ya fara aiki a 1960. Bayan an ƙirƙiro jihohi goma sha biyu a 1967, gwamnatin soja, wadda Malam Aminu yake kwamishina a cikinta, ta raba sarakuna da kotuna da 'yan doka da gidajen yari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya binne En'e ɗungurungum. Ba NEPU kaɗai ta jawo waɗannan ba, akwai matsin lambar ƙananan ƙabilu da na 'yan kudu da lissafin soja. Amma ita ce ta fara faɗar su da Hausa a bakin kasuwa, 'ya'yanta ne kuma suka sha bulala a kansu. Waɗanda suka sa hannu a takardun daga baya, da yawansu mutanen da suka yi mata dariya ne.

Saura haraji da jangali. Waɗannan sai da magajiyar NEPU ta hau mulki. A 1978 Malam Aminu ya kafa PRP, mai alamar makulli, bayan ya fice daga taron da ya haifi jam'iyyar NPN. A zaɓen 1979 ya zo da kusan kashi goma cikin ɗari na ƙuri'un shugaban ƙasa, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnoni biyu: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Suna hawa suka soke haraji da jangali. Tsofaffin da suka kwana a daji saboda gudun mai unguwa sun ga ranar da idonsu, sauran jihohin Arewa kuma suka ga ba su da zaɓi sai su bi. Rimi ya kafa hukumar yaƙi da jahilci wadda ta kai ga samun lambar yabo ta UNESCO, ya kafa jaridar Triumph, ya kuma ba ma'aikata hutun ranar 1 ga Mayu a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya.

Shekara da shekaru ana tsananta wa jam'iyyar talakawa ba ta yi mummunar tsagewa ba. Shekara guda a kan mulki ta ishe ta. Gwamnonin biyu suka riƙa halartar taron gwamnoni tara masu adawa da NPN, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi, aka kore su. Jama'a suka raɗa wa ɓangarorin suna: 'yan santsi, su Rimi da Balarabe da malaman jami'a masu zafin aƙida irin su Dakta Yusufu Bala Usman, tare da tsohon ɗan ƙwadago Michael Imoudu, da 'yan taɓo, waɗanda suka tsaya tare da Malam. 'Yan santsi suna ganin na kusa da Malam suna jan sa zuwa ga Shugaba Shagari na NPN. 'Yan taɓo suna ganin yaran da ba su sha ɗauri ba sun hau kan guminsu sun raina su. Kowanne yana da gaskiyarsa, kuma NPN ce ta ci ribar duka biyun.

A Kaduna, majalisa tana hannun NPN da rinjaye mai yawa. Ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe sau da dama, ya yi mulki babu majalisar zartarwa, ranar 23 ga Yuni, 1981 kuma ta tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Bayan mako biyu, gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga Yuli gari ya kama da wuta. Aka ƙona gidan rediyon jiha da ofisoshin gwamnati, aka bi Dakta Bala Muhammad, malamin Jami'ar Bayero kuma mai ba gwamna shawara kan siyasa, har gidansa aka kashe shi. Wanda ya zaci an gama da batun sarauta tun 1976, ranar ya ga cewa karɓe kotu da 'yan doka bai taɓa matsayin sarki a zukatan mutanen birni ba.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓe, bayan ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa. Bai bar dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, Mumbayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. PRP ta sake cin Kano a wannan shekara da Sabo Bakin Zuwo, bayan wata uku soja suka dawo, gwamnoninsu kuma suka maido da haraji a jihohi da dama. Balarabe Musa ya ci gaba da riƙe tutar jam'iyyar har tsufa ya ci ƙarfinsa, ya rasu a 2020.

Sunan Malam kam bai yi ƙaranci ba. Yana kan filin jirgin sama, yana kan asibitin koyarwa, yana kan kwaleji da tituna. Jar hularsa da farar rigarsa sun zama kayan siyasa a Kano, kuma da wuya ɗan takara ya hau mumbari a jihar bai ce shi ne magajinsa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne irin jam'iyyar da tela yake biyan kuɗin kati daga aljihunsa, ya kuma tuhumi shugaba a taron reshe. Yanzu ɗan takara ne yake biyan tela. Zaluncin ma ya sauya kaya: babu dogari, amma akwai shingen karɓar kuɗi a hanyar kasuwa, akwai harajin da 'yan bindiga suke ɗora wa ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato kafin a bar manomi ya shiga gonarsa, akwai miliyoyin yaran da ba sa zuwa makaranta.

A watan Agustan 2024 matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano da Kaduna da wasu biranen Arewa, babu jam'iyya a gabansu, babu wani tsari da zai hana ɓata-gari shiga cikinsu. An yi fashe-fashe, an rasa rayuka, an kama ɗaruruwa. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da wasu a babbar kotun tarayya da ke Abuja bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa, cikinsu har da yara ƙanana da suka yi kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da matasan intanet ne suka yi ta kururuwa, hotunan suka karaɗe duniya, bayan kwana uku shugaban ƙasa ya ba da umarni a saki yaran a mai da su jihohinsu.